Faifai Biyu da Tabarmar Kawu

Kawu, yayan mahaifiyata, ya rasu ranar wata Talata da hantsi a ɗakinsa na Agege, a Legas, kuma ban samu jana'izarsa ba. Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. 'Yarsa ta biyu, abokiyar wasana, ita ta bugo wayar ofishinmu. Ita da ba ta da sunan da take kirana da shi sai "Oga Banki", ranar sai ta kira ni da sunana na yanka, tun daga nan na san ba lafiya. Kafin motar haya ta danfo ta fitar da ni daga cunkoson Oshodi har an kai shi an dawo.

Na tarar da layin gidan a cike. An kafa rumfa, an jera bencina a waje don masu zuwa gaisuwa, 'yan gida kuma suna zaure a kan babbar tabarmar Kawu suna amsawa. 'Yan tumatir da 'yan albasa na kasuwar Mile 12 sun zo mota guda, ko kayan jikinsu ba su sauya ba. Tsofaffin abokan aikinsa na jirgin ƙasa sun zo daga Ijora, biyu daga cikinsu Kiristoci ne 'yan Filato, suna ta "Allah ya jiƙan Akawu", don da wannan suna aka san shi tun yana riƙe da biro a ofishin kaya. Wata dattijuwar Bayarabiya mai sayar da barkono, wadda kowa ke kira Iya, ta zauna a ƙasa a ƙofar gida ta ƙi tashi. Duk wanda ya zo wucewa sai ta kama masa riga, tana faɗin Akawun da Yarabanci, ta ce, "Baba Akowe ya tafi o! Wa zai ƙirga mu yanzu?" Kusa da ita Malam Mati ne, wani ɗan dako mai ɗingishi. Shi hawaye kawai ke bin gemunsa.

Ni kuwa na tsaya a bakin zaure na rasa inda zan sa kaina. Ɗan ƙanwar mamaci wurinsa tabarma, shi ake yi wa gaisuwa. Amma shekara biyu da rabi rabona da gidan nan, kuma maganar ƙarshe da ta shiga tsakanina da Kawu ita ce wadda na yaɓa masa a gaban jama'a, cewa ni ba ɗansa ba ne, ba kuma yaron rumfarsa ba ne. Da wane ido zan cire takalmi in hau tabarmarsa? Sai na sami gefen benci cikin baƙi na raɓa, kamar wanda ya zo rakiya.

Daga kan bencin nan na ji magana biyu. Babban ɗansa ya shaida wa masu gaisuwa cewa kwana biyu kafin rasuwar, Baba ya tara su ya ce ya yafe wa 'ya'yansa duka, duniya da lahira. Bayan la'asar liman ya ƙara da cewa marigayi ya aika kasuwa a faɗa wa duk wanda ya taɓa aiki a rumfarsa, babu komai tsakaninsu sai alheri. Jama'a suna ta "Allahu Akbar, ya yi kyakkyawan ƙarshe." Ni ina zaune ina auna maganar yadda shi da kansa ya koya mini. Ta farko ba ta kai gare ni ba. Ta biyu ma haka. Na haɗa su biyun, har yanzu ba na ciki, kuma da bakina na fitar da kaina. Abu ɗaya nake son sani a duniya ranar, ko Kawu ya tafi da fushina ko ya yafe mini, shaidun biyu kuwa ba su isa ba.

Wanda bai san Kawu ba zai ji ina ta "shaidu" ya ɗauka alƙali ne. Ba alƙali ba ne, ga yadda abin ya samo asali.

Shekarar da soja suka koma bariki na gama bautar ƙasa. Mahaifiyata ta ɗora ni a mota daga Funtuwa da ƙullin dambun nama da saƙo guda zuwa ga yayanta: ga ɗanka nan, ka san yadda za ka yi da shi. Lokacin Kawu ya daɗe da barin aikin jirgin ƙasa, ya zama wakilin wata rumfar tumatir da albasa, da 'yan dako arba'in a ƙarƙashinsa. Ni kuma na zo da digiri da wando mai kari, ina jin Legas jirana take yi. Bankuna na ɗaukar ma'aikata, amma sai ka ci wata jarrabawa tukuna. Na sayi tsohon littafin gwaji a bakin titi a Yaba, ko bango babu, na duƙufa.

Wani sashe na littafin ya hana ni sakat. Za a yi maka tambaya, a ba ka bayani guda biyu, kuma ba amsar tambayar ake nema ba. Abin da ake so ka faɗa shi ne ko bayanin ya isa a samu amsa. Ni da na shekara goma sha shida ana cewa "nemo amsa", yanzu an ce kada in nemo. Mafi muni a cikinsu su ne tambayoyin rukuni biyu masu shiga juna, irin su masu jin Faransanci da masu jin Larabci a aji ɗaya, ko masu shan shayi da masu shan koko. Duk wadda na yi sai na faɗi, kuma da ƙwarin gwiwa nake faɗuwa.

Wata Lahadi da safe Kawu ya same ni ina tsaki a zaure. Ya karɓi littafin, ya sa tabaronsa mai ƙafa ɗaya ɗaure da zare, ya karanta a hankali yana motsa leɓe. Can sai ya fashe da dariya.

"Malam Digiri," in ji shi, don haka yake kirana, "wannan ai ba lissafi ba ne, shari'a ce. An kawo maka ƙara, ga shaidu biyu. Ko na farko ya isa shi kaɗai, ko na biyu ya isa shi kaɗai, ko kowannensu ya isa, ko sai an haɗa su, ko kuma an haɗa ɗin ma a banza. Hukunci biyar ke nan, babu na shida. Ba a ce ka dafa miya ba, an ce ka duba ko cefanen ya isa."

Ya leƙa cikin gida ya dawo da faifai biyu. Muna jin muryar Inna, matarsa, daga madafa tana cewa, "Malam, faifaina! Da me zan rufe tuwon?" Ko waiwaye bai yi ba. Ya ajiye su a kan tabarma, gefen ɗaya a kan gefen ɗayan, ya zazzage goro daga aljihu.

"Rumfa ce mai mutum talatin," ya ce. "Tabarmar nan ita ce rumfar. Faifan dama masu albasa, na hagu masu tumatir, inda suka hau juna masu sayar da duka biyun. Ana tambaya, na tsakiyar nan su nawa ne? Shaida na farko ya ce masu albasa goma sha takwas ne. Ya isa?"

"Bai isa ba."

"Madalla. Kore shi waje, ka manta ka taɓa ganinsa. Shaida na biyu ya ce masu tumatir ashirin ne. Ya isa?"

"Shi ma bai isa ba."

"To shigo da su tare."

Nan na yi saurin da ke kashe ni. Sha takwas da ashirin talatin da takwas, a cire talatin, saura takwas. Na ce, "Takwas ne, Kawu. In an haɗa su sun isa."

Ya ɗauki goro ɗaya ya ajiye a kan tabarma, can gefe, ba a faifan dama ba, ba a na hagu ba.

"Wannan fa? Mai dankali ne. Yana cikin talatin ɗin, amma ba ya taɓa albasa, ba ya taɓa tumatir. Cikin shaidunka wa ya ce maka babu shi? In shi kaɗai ne, na tsakiya tara ne. In su biyar ne, goma sha uku. Amsar da ke yawo haka ba amsa ba ce." Ya ɓare goron ya jefa rabi a baki. "Wuri huɗu ne kullum, dama, hagu, tsakiya, da kan tabarma. Mai gaggawa yakan ƙirga na tsakiya sau biyu, na kan tabarma kuma ya ƙi ƙirga shi sam."

Haka muka riƙa yi duk Lahadi har wata uku. Inna ta gaji ta sayo wasu faya-fayan, shi kuma ya koma ɗaukar sababbin, wai sun fi zagaye.

Daga baya na gane ba littafina ya koya masa wannan ba, halinsa ne tun asali, littafin dai ya ba shi abin wasa. Kalmomi biyu Kawu ya tsana a rayuwarsa, "kowa" da "duka". Ka ce masa kowa ya sani, sai ya ce, "Ka ƙirga?" Ka ce duk tumatirin motar nan ya ruɓe, sai ya sa a sauke kwanduna a gabanka ɗaya bayan ɗaya, kana tsaye a rana. Lokacin mulkin farar hula sabo ne, kowa ya zama ɗan siyasa a teburin mai shayi, ana ta "duk Yarabawa kaza ne", "duk 'yan Arewa kaza ne". Kawu zai bari mutum ya gama kumfar baki, sannan ya ƙwala wa 'yarsa kira, wadda aka haifa a Agege, Yarabancinta ya fi Hausarta gudu. Ya nuna ta ya ce, "Wannan a wane faifai za ka sa mini ita?" Ita kuma ta ce, "Baba, abeg, don Allah ku bar ni, ina da wanki," ta yi gaba.

Ba zan ce ba shi da aibi ba, don shi ma ba zai yarda a rubuta abin da ba a ƙirga ba. Harshen Kawu da kaifi, kuma bai iya jan mutum gefe ya gyara masa kuskure ba. Inda ka yi ɓarnar nan zai wanke ka, ko a gaban surukinka ne. Amma mutumin nan ya san kowane ɗan dako na rumfarsa da suna biyu, na yanka da wanda ake kiransa da shi, ya san ƙauyensa, ya san wanda ya baro mata da ciki. Yawancinsu 'yan ci-rani ne, a kasuwa suke kwana. Duk Juma'a bayan masallaci sai ya zauna a kan kwando ya rubuta musu wasiƙun gida, kuma in mutum ya ce a rubuta "ina nan lafiya ƙalau" alhali yana tari, sai Kawu ya ajiye biro ya ce shi ba ya rubuta ƙarya, a tashi a je kemis tukuna.

Ƙarshen wannan shekarar rikici ya tashi a kasuwa tsakanin mutanenmu da wasu 'yan gari. Ba zan shiga dalilinsa ba, waɗanda suka fi ni sani ma ba su daidaita a kai ba. Abin da na gani da idona shi ne mutane suna shigowa Agege ba takalmi. 'Yan dakon Kawu sun watse. Wasu sun faɗa barikin 'yan sanda da ke kusa da kasuwar, wasu sun kai kansu masallacin unguwarmu, a ƙafa ko a bayan motar kaya.

Washegari dattawan unguwa suka ce a tantance wa ke nan, wa ba ya nan. Kawu ya fita tun asuba neman labari. Ni aka tura bariki, tunda ni ne mai Turanci da wando mai kari, na kwafo sunayen da aka rubuta a can jiya, mutum ashirin da huɗu na rumfarmu. Na dawo na karɓi takardar da ladan ya rubuta da safen nan a masallaci, mutum goma sha shida. Na duba sunayen ɗaya bayan ɗaya, babu wanda ya fito sau biyu. Bayan azahar na miƙe a harabar masallaci, a gaban liman da dattawa da mutum ya fi ɗari, na ɗaga takardun.

"Ashirin da huɗu da goma sha shida, arba'in cif. Jama'a, mutanenmu sun cika, babu wanda ya ɓata."

Aka ɗauki kabbara. Wani tsoho ya rungume ni. Ban taɓa jin daɗin digirina irin na wannan minti ba, kuma minti ɗaya ɗin ne kawai. Kawu ya shigo harabar, rigarsa duk ƙura, ya tambayi abin da ake murna a kai. Aka faɗa masa.

"Shaidun nan ba su isa ba," ya ce. "Su nawa ne a faifai biyu?"

"Babu, Kawu. Na duba, sunaye arba'in ne daban-daban."

"Wa ya rubuta na bariki?"

"Ɗan sanda."

"Na nan fa?"

"Ladan."

"To karanta na barikin da ƙarfi. Ku kuma na nan, duk wanda ya ji sunansa ya miƙe."

Na fara karantawa ina jin haushi. Da na kai "Sani Abdu" sai wani dogo ya miƙe. Ladan ya ce, "Kai, wannan ai Ɗanlami ne, ga shi a takardata." Na kai "Isa Garba", Tanko ya miƙe. Na kai "Haruna Musa", Gambo ya miƙe yana sosa ƙeya. Ashe su ukun a bariki suka kwana, da safe suka samu motar kaya suka taho Agege neman abinci. A gaban ɗan sanda mutum sunan yanka yake bayarwa, don abin hukuma ne. Ladan kuwa ba ya tambaya, sunan da ya san ka da shi yake rubutawa. Na ƙirga mutum uku sau biyu. Arba'in ɗina talatin da bakwai ne, wasu mutum uku kuma suna can wani wuri, ko a raye ko a mace, ni kuma na sa an yi kabbara.

Da Kawu ya tsaya a nan da shi ke nan. Amma Kawu ba ya tsayawa.

"Wata uku ina ɗauke wa matata faifai saboda kai," ya ce, kowa na ji. "Saura kaɗan ka binne mutum uku da biro. Kai ne za a ba amanar dukiyar mutane a banki?"

Wani ya yi dariya a baya. Dariyar nan ce ta ƙarasa ni. Na jefar da takardun na ce, "Ni ba ɗanka ba ne da za ka tozarta ni a gaban jama'a, ba kuma yaron rumfarka ba ne."

Magana zarar bunu ce. Na ga fuskar liman ta sauya, na ga dattawa sun sunkuyar da kai. Kawu ya dube ni ta saman tabaronsa na ɗan lokaci, sannan ya duƙa ya tsince takardun, ya kaɗe su, ya fara faɗa wa ladan sunayen mutum ukun da babu, daga kansa, ba daga takarda ba. Kafin la'asar na kwashe kayana na koma wajen wani abokina a Ikorodu.

Sauran labarin a bakin mutane na ji shi. Kawu, tsoho ɗan shekara saba'in, ya hau okada, wato babur ɗin haya, ya koma kasuwar da kowa ke gudu daga cikinta. Biyu daga cikin ukun a shagon Iya ya same su. Ta kulle su a bayan buhunan busasshen barkono kwana biyu, duk lokacin da ɗayansu ya yi atishawa sai ita ma ta saki tata da ƙarfi a ƙofar shago, tana zagin barkonon bana. Na ukun shi ne Malam Mati. Sai a rana ta uku Kawu ya gano shi a cikin kwalbati bayan rumfuna, ƙafa a karye, ruwan kwata yake sha. Da arba'in ɗina ya zauna, babu wanda zai leƙa kwalbatin nan.

Mako biyu bayan haka na zauna jarrabawar. Tambaya ta fito a kan ma'aikatan wani kamfani, masu mota da masu babur, kuma an tsara ta yadda mai gaggawa zai haɗa ya cire ya ce sun isa. Na zana da'ira biyu a gefen takarda, na ɗiga ɗigo ɗaya a waje, na nemi shaidan da ya yi maganar ɗigon nan ban samu ba. Na zaɓi hukunci na biyar. Irinta uku suka fito. Na ci jarrabawar, aka ɗauke ni aiki, kuma na san sarai faifan wa na ci.

Abin kunyar shi ne Ikorodu ba Makka ba ce. Duk wanda zai shiga gari daga can sai ya bi ta gaban kasuwar Mile 12, safe da yamma. Shekara biyu da rabi ina wucewa ta gaban rumfar Kawu da taye a wuya. Sau ɗaya na hango shi ta tagar danfo, tsaye da lema a kan kwanduna yana faɗa da wani direba, sai na duƙa kamar mai ɗaure igiyar takalmi har muka wuce. Duk Sallah sai in ce wannan karon zan je. Mahaifiyata ta yi aike har ta gaji. Abokiyar wasana ta taɓa zuwa banki, na tambaye ta a fakaice ko Kawu na maganata. Ta ce, "Oga Banki, gaskiya? Ko sunanka ba ya kira. In an kawo zancenka sai ya ce a miƙo masa rediyo." Wannan ya ƙara mini tsoro, tsoron kuma na sa masa suna zuciya. Girman kai rawanin tsiya ne, na naɗa shi shekara biyu da rabi.

Kwana uku na yi a kan bencin nan. Ina zuwa da safe, in tafi bayan la'asar, ban shiga cikin gida ba. Ranar uku, bayan an shafa addu'a an raba waina, abokiyar wasana ta zo ta tsaya a kaina, idanunta a kumbure.

"Kai, tashi. Inna na kira. Ko sai an aiko maka da takardar gayyata?"

Na sami Inna a ƙuryar ɗaki a kan darduma, cikin takaba, da carbi a hannu. Na durƙusa daga bakin ƙofa na yi mata gaisuwa. Ta amsa, ta bari na gama, sannan ta sa 'yarta ta sakaya ƙofa.

"Kwana uku ina jin labarinka a kan benci kamar baƙo," ta ce. "Matso."

Na matsa.

"Ranar da ya tara yara, cewa ya yi a ɗauko masa faifaina biyu. Na ce, Malam, har yanzu? Ya ce yau ce ta ƙarshe, Hajiya, daga yau kin huta." Ta ɗan yi dariya, ta share ido da gefen mayafi. "Aka shimfiɗa masa tabarmar zaure a nan gaban gado. Ya zuba goro a faifai ɗaya ya ce 'ya'yana ne, na yafe musu. Ya zuba a ɗayan ya ce yaran rumfa ne, na yafe musu. Ya sa guda a tsakiya ya ce babban yayanku ne, shi ɗa ne kuma yaron rumfa ne, kada a ƙirga shi sau biyu ya ɗauka ya fi kowa. Har yara suka yi dariya. Sai ya sallame su, ya rage daga ni sai shi."

Ta sa hannu ƙarƙashin darduma ta ciro wani ɗan ƙulli na ganye a cikin jiƙaƙƙen tsumma. Ta warware. Farin goro ne guda ɗaya, ko yaushi bai yi ba.

"Wannan ya riƙe a hannu. Ya miƙa ya ajiye shi a kan tabarma, can gefe. Ya ce, na Malam Digiri ne. Shi ya ce ba ya nan, ba ya can, kuma ban ƙaryata shi ba, wannan karon lissafinsa daidai ne. Amma ki gaya masa tabarmar ma tawa ce."

Ban san lokacin da na kifa kaina a ƙasa ba.

"Ban gama ba," in ji Inna. "Ya ce kai ma ka yafe masa, gaskiya ya faɗa amma ba a wurin faɗinta ba. Ya kuma ce kada in yarda a faɗa maka wannan a gaban jama'a, daga ni sai kai. Wai sau ɗaya ya yi wannan kuskuren, ya ishe shi."

Na yi kuka irin wanda rabona da shi tun rasuwar mahaifina, amma ba kukan baƙin ciki kaɗai ba ne. Wani nauyi da na saba da shi har na ɗauka jikina ne ya sauka daga ƙirjina, na ji iska na shiga har ciki. Inna ta bar ni na yi mai isata, sannan ta ce in tashi haka nan, hannunka ba ya ruɓewa ka yanke ka yar, kuma in daina jiƙa mata darduma.

Na rubuta wannan ne don kada a manta da shi, tunda shi bai yarda a manta da kowa ba. Allah ya jiƙan Kawu, ya yafe masa kaifin harshensa saboda kwalbatin da ya leƙa, ya haskaka kabarinsa. Ranar da za a tara mu duka a ƙirga, Allah ya sa a kira shi da sunan da ya fi so, ya miƙe cikin masu rabo.

Na fito daga wurin Inna da goron a tafin hannuna. Tabarmar na nan shimfiɗe a zaure, 'ya'yansa na zaune a kai. Na cire takalmi a bakin ƙofa. Babban yaya ya ɗaga kai ya dube ni, ya matsa gefe ya ba ni wuri. Ban gama zama ba sai ga Malam Mati ya taso daga ƙofar gida yana jan ƙafarsa. Ya wuce kowa ya zo gabana, ya durƙusa da ƙyar, ya miƙo mini hannu biyu.

"Malam, ya ƙarin haƙuri?"

Na ɓare goron na ba shi rabi. Karon farko cikin kwana uku na amsa gaisuwar kawuna.